ROBERT OPPENHEIMER, MALAMIN DA YA AUNA MATACCEN TAURARO KAFIN YA ƘERA BAM

Duk wanda ya taɓa zama a Jos, ko ya yi aikin lebura a Bukuru ko Barikin Ladi kafin neman abinci ya gangaro da shi Kurmi, ya san nauyin kuza. Kwano ɗaya na wankakkiyar kuza ya ninka kwanon yashi nauyi sau biyu har da ɗoriya, shi ya sa in ana wanke ta sai ruwa ya tafi da yashi, ita kuwa ta kwanta a gindin kwano. To amma can a sararin samaniya akwai wani abu wanda cikin cokalin shayi ɗaya nasa ya fi tan miliyan dubu nauyi. Wannan abu shi ne jikin wani irin mataccen tauraro da masana ke kira tauraron niyutiron. Malamin da ya fara zama da almajirinsa suka lissafa iyakar nauyin da irin wannan tauraro zai iya ɗauka, shi ne kuma daga baya ya shugabanci masu ƙera bam ɗin atam na farko a duniya. Sunansa Julius Robert Oppenheimer, mutumin ƙasar Amurka.

Asalinsa

An haifi Oppenheimer a birnin Niyok ran 22 ga watan Afrilu, 1904. Mahaifinsa Julius Bayahude ne daga ƙasar Jamus, ya zo Amurka ci-rani a 1888 yana ɗan shekara 17, ba kuɗi a aljihu, ba ya kuma jin Turanci. Ya shiga wajen danginsa masu fataucin yadi, ya yi ta fama har ya zama babban attajiri. Mahaifiyarsa Ella kuwa mai zanen hotuna ce. Saboda haka yaron ya tashi cikin wadata, da littattafai, da barori.

Tun yana ƙarami kakansa na Jamus ya ba shi kyautar wani akwati na duwatsun ma'adinai, daga nan ya kamu da son tara duwatsu. Ya riƙa rubuta wa masanan duwatsu wasiƙu da tafireta, su kuwa suna tsammanin da wani dattijo suke hulɗa, har suka gayyace shi ya yi lacca a ƙungiyarsu ta birnin Niyok. Ranar laccar sai ga yaro ɗan shekara 12, tilas aka kawo masa akwati ya taka don a hango shi. A 1921 ya tafi neman duwatsu a tsofaffin ramukan ma'adinai na Joachimsthal a ƙasar da yau ake kira Cek, inda ake haƙo ma'adinin yuraniyom, ya kamu da atuni mai tsanani. Don ya murmure aka tura shi jihar New Mexico ta Amurka, ƙasar duwatsu da hamada, inda ya koyi hawan doki, ya kuma ƙaunaci wurin har ƙarshen rayuwarsa.

Neman ilmi

Ya shiga Jami'ar Harvard a 1922, ya gama karatun shekara huɗu cikin uku. Daga nan ya haye Ingila, Jami'ar Kembirij, inda aka sa shi aikin gwaje-gwaje da hannu. Nan fa gwanin littafi ya gane hannunsa ba na aikin ƙira ba ne, abin ya dame shi ƙwarai har ya shiga baƙin ciki mai tsanani, sai da aka kai shi wajen likitoci. A 1926 ya koma Jami'ar Gottingen ta Jamus wajen Shehun Malami Max Born, inda ake aiki da allo da lissafi kawai, can ne ya sami kansa. Ya karɓi digirin dakta a 1927, shi da malaminsa kuma suka fito da wata hanyar lissafi da har yau masu ilmin kemistiri ke aiki da ita.

Amma fa yana da hali guda da ya bi shi har tsufa, watau kaifin harshe. Ya kan katse malami ana cikin darasi ya tafi allo ya nuna yadda ya kamata a yi, har sauran ɗalibai suka rubuta takardar ƙara cewa za su daina zuwa aji in ba a tsawata masa ba. Born bai ce masa komai ba, sai ya bar takardar a kan tebur inda zai gan ta, ya kuwa gani ya yi sanyi.

A 1929 ya koma gida ya kama koyarwa a jihar Kalifoniya, yana raba shekararsa tsakanin Jami'ar Berkeley da makarantar Caltech. Almajiransa suka riƙa bin sa duk inda ya tafi, suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, har da yadda yake riƙe taba. Kafin shekara goma zaurensa ya zama mafi girma a Amurka wajen ilmin ƙwayar atam.

Yadda tauraro ke mutuwa

Kafin mai karatu ya gane aikin da wannan malami ya yi, sai ya san abu biyu. Na farko, kowane abu a duniya, dutse ne ko ruwa ko jikin mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam. Kowane atam yana da ɗan ƙwallo a tsakiyarsa inda kusan dukkan nauyinsa yake, sa'an nan wasu ƙwayoyi marasa nauyi, watau ilektiron, suna kewaye da shi daga nesa. Da za a kumbura atam ya kai girman filin ƙwallo, ƙwallon nan na tsakiya ba zai wuce ƙwayar gero ba. Ashe ko kuza, duk nauyinta, galibinta fili ne fayau. A cikin ƙwallon akwai ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutiron. Shi niyutiron ba a san da shi ba sai a 1932, lokacin da wani Baturen Ingila, James Chadwick, ya gano shi a Kembirij.

Na biyu, tauraro, ciki har da rana, kokawa ce tsakanin ƙarfi biyu. Nauyin jikinsa yana jan komai zuwa tsakiya, zafin wutar da ke cikinsa kuma yana tura komai waje. Muddin akwai makamashi, ba mai kayar da wani. Ran da makamashi ya ƙare, nauyi ya yi nasara, sai tauraro ya fara ruftawa cikin kansa. In matsakaici ne kamar rana, ƙwayoyin ilektiron za su turje su ƙi matsuwa, sai ya tsaya a girman duniyarmu. Amma a 1930 wani saurayi Ba'indiye ɗan shekara 19, Chandrasekhar, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya fara lissafin da ya nuna cewa turjiyar ilektiron tana da iyaka. Lissafin da ya kammala daga baya ya tsayar da iyakar a wajen nauyin rana ɗaya da kashi 4 cikin 10. In gawar tauraro ta wuce haka, ilektiron ba za su iya riƙe ta ba.

To me zai faru ke nan? A 1934 wasu masana biyu a Kalifoniya, Walter Baade da Fritz Zwicky, suka kawo ra'ayin cewa in ƙaton tauraro ya fashe, tsakiyarsa ta kan matse har ilektiron su kutsa cikin furoton su zama niyutiron. Filin nan da ke cikin atam sai ya ɓace, a bar ƙwallaye zalla manne da juna, kamar yadda injin ke danne tulin auduga ya mai da shi ɗan ƙunshi mai tauri. Yawancin masana a lokacin sun ɗauki maganar tatsuniya. A Rasha kuma wani haziƙi, Lev Landau, ya buga takarda a farkon 1938 yana cewa watakila akwai irin wannan dunƙule a cikin rana kanta. Bai daɗe ba 'yan sandan Stalin suka kama shi a watan Afrilu, ya yi shekara guda a kurkuku.

Lissafin 1939

Takardar Landau ta iso hannun Oppenheimer, shi da abokin aikinsa Robert Serber suka duba suka nuna cewa akwai gyara a lissafin. Daga nan Oppenheimer ya yi tambayar da ta fi wannan girma: in ilektiron suna da iyaka, su niyutiron fa? Ya ɗora wa wani almajirinsa aikin, George Volkoff, haifaffen birnin Mosko wanda ya yi karatu a Kanada. Suka riƙa shawara da Richard Tolman na Caltech, dattijon da ya ƙware a ƙa'idar jan nauyi wadda Albert Einstein ya fito da ita a 1915.

Aikin yana bukatar abu biyu. Ɗaya shi ne lissafin daidaito, watau yawan turjiyar da kowane hawa na jikin tauraro zai yi don ya ɗauki nauyin abin da ke bisansa, kamar buhun da ke ƙasan dalar gyaɗa wanda ke ɗauke da dukkan na sama. Wannan sun ciro shi daga ƙa'idar Einstein. Na biyu shi ne sanin halin abin da aka gina tauraron da shi: in an danne shi kaza, da wane ƙarfi zai turje? Wannan babu wanda ya taɓa aunawa, domin babu injin da zai iya irin wannan danniya a duniya. Saboda haka suka ɗauki zato mafi sauƙi, cewa niyutiron ba sa jan juna ba sa tura juna, iyaka dai biyu ba sa yarda su zauna a gurbi ɗaya.

Babu kwamfuta a zamanin. Volkoff ya zauna da ɗan injin lissafi na kan tebur, ya zaɓi yawan matsi a tsakiyar tauraro, ya riƙa fitowa waje hawa hawa yana lissafa yadda matsin ke raguwa, har inda ya ƙare. Nan ne bakin tauraro, daga nan sai ya karanta faɗinsa da nauyinsa. Sa'an nan ya sake zaɓar wani matsin ya faro daga farko. Da aka jera amsoshin sai aka ga nauyi yana hawa, ya kai wani matsayi, ya ƙi wucewa. Iyakar da suka samu ita ce wajen kashi 7 cikin 10 na nauyin rana. Takardar ta fito a mujallar Physical Review ta ran 15 ga Fabrairu, 1939, ita da ta Tolman a fitowa ɗaya, shi ya sa har yau ake kiran lissafin da sunayen su uku.

Dalilin iyakar yana da ban mamaki. A ƙa'idar Einstein, matsi shi kansa yana ƙara ƙarfin ja. Watau duk yadda abin ya ƙara turjewa, turjiyar tana ƙara masa kaya, har a kai inda ƙarin turjiya ba ya taimako. To in gawar tauraro ta wuce iyakar fa? Oppenheimer ya ɗauki wani almajirin, Hartland Snyder, suka bi sawun wannan tambaya, suka samu cewa tauraron zai ci gaba da ruftawa ba tsayawa, har ya rufe kansa yadda ko haske ba zai iya fitowa daga cikinsa ba. Abin da yau ake kira baƙin rami ke nan. Wannan takarda ta fito ran 1 ga Satumba, 1939, ranar da sojojin Hitila suka afka wa ƙasar Folan. Hankalin duniya yana wani wuri, kusan ba wanda ya kula da ita, shi ma Oppenheimer bai sake rubuta komai a kan taurari ba.

Yaƙi

A ƙarshen 1938 masana a Jamus sun gano cewa ana iya tsaga ƙwallon atam na yuraniyom da niyutiron, kuma tsagawar tana sakin ƙarfi mai yawa tare da wasu niyutiron da za su tsaga na kusa. Duk masanin da ya ji labarin ya san ana iya yin bam da wannan, tsoron da ake yi shi ne kada Hitila ya riga kowa. A 1942 Amurka ta ɗora aikin a kan wani hafsan soja, Janar Leslie Groves, shi kuwa ya zaɓi Oppenheimer ya shugabanci masanan. Mutane da yawa sun yi mamaki, domin bai taɓa shugabantar ko ƙaramin ofis ba, ga shi kuma matarsa Kitty, wadda ya aura a 1940, da ƙanensa Frank, da abokansa da dama, duk sun taɓa zama 'yan jam'iyyar Kwaminis, shi kansa ya sha ba da gudummawar kuɗi ta hannunsu don taimakon masu yaƙi a Sifen. Groves ya ce shi dai yake so.

Oppenheimer ya nuna musu wani tudu a New Mexico da ya sani tun zamanin hawan doki, Los Alamos, aka gina gari na asiri a can a 1943, aka tara dubban ma'aikata. Kowa ya shaida cewa ya riƙe aikin da kyau, ya san abin da kowane sashe ke ciki, kaifin harshen nan ma ya rage.

Wannan yaƙi bai bar Afirka ba. Galibin yuraniyom ɗin da aka fara aikin da shi daga ramin Shinkolobwe na ƙasar Kwango aka haƙo shi. A Nijeriya kuwa, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa En'e-En'e suka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza bisa tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Dubun dubatar talakawa aka kai tudun Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, ba a daina ba sai a 1944. Cikin masu karanta wannan shafi ba za a rasa jikokinsu ba.

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu, 1945, amma aikin bam bai tsaya ba. Da asubahin ran 16 ga Yuli aka gwada na farko a hamadar New Mexico. Oppenheimer yana cikin masana huɗu da gwamnati ta nemi shawararsu, suka kuma ce ba su ga wata hanya ba sai a jefa shi a kan Japan. Ran 6 ga Agusta aka jefa ɗaya a Hiroshima, ran 9 aka jefa na biyu a Nagasaki. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima, wajen 70,000 a Nagasaki, yawancinsu farar hula. A watan Oktoba ya gana da Shugaba Truman ya faɗa masa cewa yana jin akwai jini a hannunsa. Truman ya fusata, ya ce kada a sake kawo masa shi.

Bayan bam

Ya fito daga yaƙi sunansa ya cika duniya. A 1947 aka naɗa shi shugaban babbar cibiyar bincike ta Princeton, inda Einstein yake, aka kuma ba shi shugabancin kwamitin da ke ba hukumar atam ta Amurka shawara. Ya yi amfani da muƙamin yana kira da a sa wannan makami ƙarƙashin kulawar ƙasashen duniya baki ɗaya kafin a shiga tsere. Ba a saurare shi ba. Rasha ta gwada nata a watan Agusta, 1949, sai wasu masana, musamman Edward Teller, suka matsa a ƙera wani sabon bam na haidirojin wanda ya ninka na Hiroshima ƙarfi sau ɗaruruwa. Kwamitin Oppenheimer ya ce kada a yi, domin makami ne na hallaka birane da mutanen cikinsu. Truman ya ba da umurni a yi a watan Janairu, 1950, aka gwada shi a 1952.

Tseren makaman ya sake taɓa Jos ta wata fuska. A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga sayen kolumbait tana tarawa, don ƙarfen da ake samu daga cikinsa yana jure zafin injin jirgin sama na yaƙi. A lokacin mafi yawan kolumbait ɗin duniya daga tudun Jos yake fitowa, farashi ya tashi, har aka koma ana tonon tsofaffin tulin ƙasar da aka zubar bayan wankin kuza. Haka kuma da Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a Reggane cikin Sahara ran 13 ga Fabrairu, 1960, hankalin mutanen Arewa ya tashi saboda iskar hunturu daga can take busowa. Bayan gwaji na uku gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a watan Janairu, 1961.

Binciken 1954

Kaifin harshe ya jawo wa Oppenheimer maƙiya. A 1949 ya mai da wani babban jami'in hukumar atam, Lewis Strauss, abin dariya a gaban 'yan majalisa. Strauss bai manta ba, a 1953 kuma ya zama shugaban hukumar. Lokacin ana farautar 'yan Kwaminis a Amurka, ƙanensa Frank ma an raba shi da aikin jami'a tun 1949, ya koma kiwon shanu. A watan Disamba, 1953, Shugaba Eisenhower ya ba da umurni a toshe wa Oppenheimer duk wani asirin gwamnati. Aka ba shi zaɓi ya ajiye aiki shiru, ya ƙi, ya ce a bincike shi.

An yi zaman binciken a asirce cikin Afrilu da Mayu, 1954, kusan mako huɗu. An riƙa satar sauraron wayarsa, har da maganarsa da lauyoyinsa, an kuma hana lauyoyin ganin takardun da ake tuhumarsa da su. Shi ma yana da nasa rauni. A lokacin yaƙi wani abokinsa, Haakon Chevalier, ya taɓa kawo masa zancen cewa akwai mai iya isar da bayani ga Rasha. Ya ƙi nan take, amma ya yi watanni bai kai rahoto ba, da ya kai kuma sai ya ƙaga labari don ya rufa wa abokin asiri. A gaban kwamiti ya amsa cewa ƙarya ya yi. Manyan masana da yawa sun tsaya masa, Teller kuwa ya ba da shaidar da ta kayar da shi. Kwamitin ya yarda cewa bai ci amanar ƙasarsa ba, duk da haka mutum biyu cikin uku suka ce a janye amincewar da aka yi masa. Ran 29 ga Yuni hukumar ta tabbatar da hukuncin da ƙuri'a huɗu, ɗaya ya ƙi, alhali kuwa saura kwana ɗaya wa'adin aikin nasa ya ƙare da kansa.

Ya ci gaba da riƙon cibiyar Princeton, yana yawon lacca a ƙasashe, amma gwamnati ba ta sake neman shawararsa ba. A watan Disamba, 1963, Shugaba Johnson ya ba shi lambar girma ta Enrico Fermi don a ɗan share masa hawaye. Ya kasance mai shan taba ba ƙaƙƙautawa, ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, ya mutu a Princeton ran 18 ga Fabrairu, 1967, yana da shekara 62. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu. Bai taɓa samun kyautar Nobel ba. Sai a watan Disamba, 2022, shekara 55 bayan mutuwarsa, gwamnatin Amurka ta soke hukuncin 1954, ta ce ba a yi masa adalci ba.

Abin da ya bayyana daga baya

Wata tara bayan mutuwarsa, a watan Nuwamba, 1967, wata ɗaliba a Kembirij, Jocelyn Bell, ta kama wani sauti na rediyo daga sama yana bugawa kamar agogo, sau ɗaya a kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi. Ashe tauraron niyutiron ne yana juyawa, haskensa na share duniya kamar fitilar hasumiyar bakin teku. A shekara ta gaba aka sami wani yana juyawa sau 30 a daƙiƙa, daidai wurin da masanan Sin suka rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana a 1054, har ana ganinsa da rana tsaka na kwana 23. Maganar Baade da Zwicky ta tabbata. Yanzu an san irin waɗannan taurari fiye da 3,000, akwai ma wanda ke juyawa sau 716 a daƙiƙa.

Amma adadin da Oppenheimer da Volkoff suka samu bai yi daidai ba. Taurarin da aka auna sun fi kashi 7 cikin 10 ɗin nan nesa, yawancinsu wajen rana ɗaya da kashi 4 cikin 10, a 2010 kuma aka auna wani da ya kusa ninka rana sau biyu. Kuskuren yana cikin zaton da suka yi. Gaskiyar ita ce niyutiron suna jan juna in suna ɗan nesa, in an matse su sosai kuma suna tura juna da ƙarfi, wannan turawa ce ke ɗaga iyakar. Tun 1959 wani masani ɗan Kanada, Alastair Cameron, ya sa wannan a lissafi ya sami wajen rana biyu. Shi lissafin daidaiton kuwa bai canja ba, da shi ake aiki har yau.

Saboda haka aikin masana na yanzu shi ne gano halin abin da ke tsakiyar tauraron, inda matsi ya ninka na ƙwallon atam sau da yawa. Wasu na ganin niyutiron ne har can ciki, wasu na ganin suna narkewa su koma ƙananan ƙwayoyin da aka gina su da su, waɗanda ake kira kuwak. Kowane zato sai a zuba shi a kwamfuta, a bi hanyar nan ta Volkoff daga tsakiya zuwa baki, a ga nauyi da faɗin da zai bayar, sa'an nan a gwada da abin da aka auna a sama. Zaton da ya kasa ɗaukar nauyin rana biyu an jefar da shi ke nan. Ana kuma taimakawa da gwaji a ƙasa, kamar awon da aka yi a Amurka na kaurin niyutiron da ke lulluɓe ƙwallon atam na dalma. Awon da wata na'ura da aka kafa a tashar sararin samaniya a 2017 ta yi ya nuna faɗin irin wannan tauraro wajen mil 15 ne, watau bai kai nisan Jos zuwa Barikin Ladi ba, alhali ya fi rana nauyi, ita rana kuwa ta ninka duniya sau 333,000. Iyakar da ake nema tun 1939, yawancin masana yanzu sun sa ta kaɗan sama da nauyin rana biyu.

Ran 17 ga Agusta, 2017, na'urori a Amurka da Italiya suka kama girgizar karon wasu taurarin niyutiron biyu, daga nisan da haske ke shafe shekara wajen miliyan 130 kafin ya ratsa. Yadda suka lanƙwasa juna kafin su haɗe ya nuna iya taurin jikinsu, hasken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa a cikin irin wannan karo ake ƙera ma'adinai masu nauyi. Masana suna ganin kaso mai yawa na zinariya da yuraniyom da toriyom da ke cikin ƙasa daga irin wannan wuta suka fito, tun kafin a yi duniya. Yuraniyom ɗin da aka fara haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971 yana cikinsu. Haka nan toriyom ɗin da ke cikin yashin da ya rage bayan wankin kuza a Jos da Bukuru, wanda saboda tururin da yake fitarwa masana ke gargaɗin kada a yi ginin ɗakin kwana da shi.